Malam Silvanus Meshak Kagoma da Kwabon Mai Dabino

Haihuwa da asali

An haifi Malam Silvanus Meshak a garin Fadan Kagoma da ke ƙasar Jama'a, a watan Maris na shekarar 1934, lokacin da manoma ke sharar gonaki suna dakon ruwan fari. Mahaifinsa Meshak manomin dawa da doya ne, yana cikin mutanen farko da suka karɓi baftisma a wannan yanki, daga bisani kuma aka naɗa shi katikis, wato mai koyar da addini a ƙaramin cocin Katolika na garin. Sunan mahaifiyarsa Asibi. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya bakwai, kuma dattawan gidan sun tabbatar da cewa tun yana ɗan shekara uku, in ya ga an ɗora ƙaninsa a cinyar mahaifiyarsu, ba ya kuka kuma ba ya duka, sai dai ya matso ya tsaya yana nuna wa mutane cewa kan jaririn a karkace yake. Da wannan ɗabi'a ta kushe abin da ya tsone masa ido ya girma, kuma wajibi ne a ambace ta tun a nan, domin ita ce ta juya ƙarshen rayuwarsa.

Karatu

A shekarar 1942 aka sa shi makarantar mishan ta garinsu, inda ya yi fice a lissafi da haddar addu'o'i. Ganin hazaƙarsa ya sa aka tura shi makarantar share fagen zama Fada, wato limamin cocin Katolika, a shekarar 1948, kuma a can ne ya haɗu da malamin da ya sauya masa rayuwa, wani Bature ɗan ƙasar Ailan mai suna Fada Brendan, wanda ke koyar da harshen Latin.

Wannan malami yana da wani gwangwanin taba da ya gada daga kawunsa, cike da tsofaffin kuɗaɗen daular Rum, irin waɗanda sarakunansu ke bugawa duk lokacin da suka ci wata ƙasa da yaƙi, domin labarin nasarar ya shiga hannun kowa har mai tallar albasa. Da su yake koyar da karatu, ya miƙa wa ɗalibi kwabo ya ce ya karanta rubutun da ke zagaye da shi. A ƙarshen shekarar 1950 Silvanus ya zo na ɗaya a Latin, aka ba shi tukuicin wani ɗan ƙaramin kwabon tagulla na Kaisar Kustantin, mai hoton mata biyu masu fukafukai riƙe da garkuwa. Da shi ya fara tari.

Amma akwai guda ɗaya a cikin gwangwanin da Fada Brendan ba ya fito da shi sai sau ɗaya a shekara. Babban kwabo ne mai nauyi, ya ɗara tsohon kwabonmu mai huji faɗi, shekaru sun rina shi ya koma kore shar. An buga shi a zamanin Kaisar Vespasiyan, bayan da Rumawa suka ci ƙasar Yahudiya suka rushe Urushalima. A bayansa akwai itacen dabino a tsakiya, da sarki a tsaye riƙe da mashi ya taka hular ƙarfe, da wata mace zaune a gindin dabinon ta yi tagumi. Ɗalibai suka sa masa suna Mai Dabino. Silvanus ya riƙe shi a tafin hannunsa karo na farko yana da shekara goma sha shida, kuma daga ranar bai sake ganin wani abu a duniya da ya shiga ransa kamarsa ba.

Bai kai ga zama Fada ba. Mahaifinsa ya rasu a daminar 1953, ya zama tilas ya bar makaranta ya nemi abin da zai riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa.

Aikin jirgin ƙasa da abota da Alhaji Sambo

Ya kama aikin jirgin ƙasa a shekarar 1954 a matsayin akawun kaya a tashar Kafanchan, a zamanin da garin ke cika ya batse da jiragen Jos da na Fatakwal da na Kaduna. Ya yi aiki a Kuru da Lafiya da Makurɗi, kafin a dawo da shi Kafanchan a 1966, inda ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama mataimakin shugaban tasha. An shaide shi da tsare amana da kiyaye lokaci, haka kuma an shaide shi da cewa duk wanda aka yi wa ƙarin girma kafin shi, to a bakin Malam Silvanus ko rubutun hannunsa ba ya karantuwa.

A bakin wannan aiki ne ya saba da Sambo, wanda daga baya ya zama Alhaji Sambo Mai Citta, ɗan wani tsohon gidan fatake da ya kafu a kasuwar Kafanchan tun zuwan jirgi. Sambo kan sari busasshiyar citta a ƙasar Jaba ya kawo tasha a yi masa lodi, Silvanus na auna buhuna. Sa'annin juna ne, jininsu ya haɗu, har ta kai ga ba a Sallah sai an kai tuwo da nama gidan Silvanus, ba a Kirsimati sai an kai shinkafa gidan Sambo.

Gidan su Alhaji Sambo yana da wata al'ada tun daga kakansa, wadda babu wanda bai san ta ba a Kafanchan. Duk baƙon da ya shigo ya ga wani abu ya buɗe baki ya ce yana da kyau, to abin ya zama nasa, kuma ba a karɓar rantsuwa ko magiya. Saboda haka mutanen gari kan kama bakinsu in sun shiga zauren, har ana zolayar cewa ko ruwa aka ba ka kada ka yabi kofin. Al'adar tana da sharuɗɗa biyu, cewa abin da aka ba mutumin gidan kyauta ba ya sayar da shi, kuma ba a ba mutum abin da ya kushe, domin a wurinsu yin haka zagi ne. Malam Silvanus ya san wannan sarai, don agogon bangon da ke falonsa ta haka ya same shi, ranar da ya yi suɓutar baki a 1969.

Aure, iyali da akwatin maɗaci

A watan Disamba na 1959 ya auri Lucia, 'yar wani manomi daga Nok, mace mai fara'a da saurin magana, wadda ta yi sana'ar ɗinki a kusa da tasha. Ubangiji ya albarkace su da 'ya'ya, na farkonsu Samson, wanda da sunansa ake kiran su Baban Samson da Maman Samson har ƙarshen rayuwa.

A tsawon waɗannan shekaru bai daina tara kuɗaɗen Rum ba, kuma bai taɓa sayen wanda ba na nasarar yaƙi ba. Ya samu wasu a hannun Turawan jirgin ƙasa da ke kwashe kayansu bayan mulkin kai, wasu a wajen wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, mai kanti a Jos, mafi yawa kuma ya yi odarsu ta gidan waya daga wani dillali a Landan, a shekarun da naira ke da ƙarfinta. Yana da sulen azurfa na Kaisar Tirajan mai hoton wani kamamme ɗan ƙasar Dakiya zaune a kan tarin garkuwoyi. Yana da na Kaisar Safirus, wanda yake alfahari da shi saboda haifaffen ƙasar Libiya ne, ɗan Afirka. Yana kuma da wani na zamanin Augustas mai hoton kada ɗaure da sarƙa, alamar cin ƙasar Masar, wanda shi ne baƙi suka fi so su gani.

A 1974 ya sa kafintan tasha ya yi masa akwati na katakon maɗaci, aka shimfiɗa koren ƙyalle a ciki, aka fafe gurbi-gurbi daidai da kowane kwabo. A tsakiya ya sa aka fafe gurbi mafi girma, kuma bai sa komai a ciki ba. Kowa a gidan ya san na wane ne, domin a lokacin an dawo da Fada Brendan wani coci a kusa da Kafanchan, da gwangwaninsa. Shekara goma sha uku Malam Silvanus ya yi yana hidimar tsohon malaminsa, shi ne yankar tikiti, shi ne kai doya da zumar Kagoma, shi ne raka shi asibiti. Bai taɓa roƙon Mai Dabino ba, don a ganinsa ba a roƙon gado.

Shekarar 1987

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kafanchan, ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar Kaduna. Ya zamana Fada Brendan, wanda a lokacin ya haura shekara saba'in, yana Zariya wajen ganin likita, hanya kuma ta rufe masa. Allah ya sa Alhaji Sambo yana can da motarsa ta kaya, ya ji labari, ya nemo tsohon, ya kwantar da shi a tsakanin buhuna ya lulluɓe da tamfol, ya biyo da shi ta Pambeguwa da Saminaka har gida lafiya. Abin yabo ne, babu mai musu. Amma ya kamata tarihi ya rubuta cewa da Malam Silvanus ne a Zariya ranar, da abin da zai yi ke nan, illa dai shi yana bakin aiki a tasha, kuma ba shi da mota.

Wannan wahala ta karya lafiyar Fada Brendan, aka yanke shawarar ya koma ƙasarsu. A watan Yuni aka yi masa taron ban kwana a harabar coci, Kirista da Musulmi suka hallara. Bayan jawabai, ya kira Malam Silvanus ya miƙa masa ƙamus ɗinsa na Latin da gwangwanin taban nan da abin da ke ciki, ya kira shi ɗansa a gaban jama'a. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya fito da Mai Dabino, wanda ya riga ya ware, ya kira Alhaji Sambo ya ce ba shi da abin da ya fi wannan daraja, don haka shi zai ba wanda ya ceci ransa.

Waɗanda ke kusa sun ce fuskar Malam Silvanus ta koma kamar an watsa mata toka. Abin da ciwo, kuma duk mai adalci zai ce da ciwo. Mutum ya yi shekara talatin da bakwai yana mafarkin abu, ya san kowane harafi da ke jikinsa, ya fafe masa gurbi, a wayi gari an danƙa shi ga mai sarin citta wanda bai san ko ta ina ake fara karanta shi ba. Alhaji Sambo kuwa, wanda ya san labarin gurbin nan tun ranar da aka fafe shi, ya juyo nan take ya sa kwabon a hannun abokinsa, ya ce, "Malam, kai ne masani. Yaya ka gan shi?" Kowa a wurin ya gane ƙofar da ya buɗe masa, kalma ɗaya ta rage. Malam Silvanus ya juya kwabon gaba da baya, ya ce, "Gefensa ya ci, Alhaji. Fuskar matar ma ta shafe. Ba wani abu ba ne." Ya mayar masa, Alhaji ya karɓa ya jefa a aljihu.

Shekarun ƙyashi

Da wannan magana ya ɗaure kansa ya kuma ɗaure abokinsa, domin yanzu Alhaji ba shi da ikon ba shi abin da ya kushe a bainar jama'a, sai in shi da bakinsa ya warware. A 1988 Malam Silvanus ya aika a taya kwabon, aka ce ba na sayarwa ba ne. Ya sake aikawa cewa zai ba da mai kada da na Tirajan a yi musaya, Alhaji ya amsa da cewa a gaya wa Malam ya san ƙofar gidan, ya kuma san yadda kaya ke fita daga cikinsa.

Ya yi ritaya a 1989 ya tare a gidan da ya gina a unguwar Aduwan da ke Kafanchan, sai zaman gida ya ƙara ba hassada fili. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ake riƙon kwabon. A aljihun gaba Alhaji ke yawo da shi tare da goro da makullan sito, in ana hira ya fito da shi yana ƙwanƙwasa benci, 'ya'yansa kuma suna kiran sa kwabon Fada kamar wani abin wasa. Duk Sallah in Malam Silvanus ya je gaisuwa, sai Alhaji ya ajiye shi a kan darduma a tsakaninsu, ya zauna yana jira. Shi kuwa kowace shekara da sabon aibin da zai gano, bana nauyin bai cika ba, baɗi koren ya yi yawa. Har ya kai ga yana faɗa wa tsofaffin abokan aikinsa cewa mai yiwuwa ma jabu ne, alhali ya fi kowa sanin ba jabu ba ne. In ya dawo gida ranar ba ya cin abinci, sai ya buɗe akwati ya zauna yana kallon gurbin tsakiya.

Ba kwabon kaɗai yake kishi ba. Fada Brendan ya rasu a ƙasarsu a 1990, kuma tun daga nan babu wanda zai tambaya dalilin da ya sa aka fifita tafiyar yini ɗaya a kan hidimar shekara da shekaru. A ganinsa, in ya ce Mai Dabino yana da kyau, ya amince ke nan cewa mafi kyawun abin malaminsa wani aka ga ya cancanta, shi kuma sai dai ya karɓa daga hannun wannan wani.

Ajiyar 1992

A watan Mayu na 1992, lokacin rikicin Zangon Kataf, aka shiga zaman ɗarɗar a ko'ina a kudancin jihar, Alhaji Sambo ya yanke shawarar kai iyalinsa Jos har ƙura ta lafa. Da safiyar tafiyar ya tsaya a Aduwan ya bar wa abokinsa makullan sito da Mai Dabino, ya ce amana ce. Malam Silvanus ya tsare siton kamar nasa. Kwabon kuwa ya goge shi da auduga ya sa a gurbin tsakiya, ya zauna ɗas kamar a jikinsa aka fafe. Matarsa ta ce a makonnin nan har ƙiba ya yi, yana raira waƙoƙin coci a tsakar gida, abin da ta manta rabon da ta ji.

Da al'amura suka daidaita Alhaji ya dawo ya zo godiya, aka buɗe masa akwatin. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, ka ga yadda ya zauna kuwa? Ka faɗi abin da ka gani mana." Maman Samson tana bakin ƙofa riƙe da tiren shayi, ta ce ta ga leɓen mijinta yana motsi. Abin da ya fito shi ne cewa gurbin ya ɗan fi kwabon faɗi, kuma a cikin sauran ma sai ya ƙara nuna tsufansa. Malam Silvanus ya ciro shi da hannunsa ya miƙa wa Alhaji tare da makullan, bai rage ko ɗaya ba.

Bikin 1995

A watan Janairu na 1995 aka yi bikin Nana Khadija, 'yar Alhaji Sambo, wadda Maman Samson ce ta ɗinka mata kayan makaranta tun tana firamare. Bayan an ci an sha, ta shiga zaure yi wa uban amarya murna, ta tarar da shi cikin baƙi yana juya kwabon a hannu kamar yadda ya saba. Ta durƙusa ta gaishe shi, sa'an nan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Alhaji, wannan kwabo na Fada, gaskiya yana da kyau sosai." Ba suɓutar baki ba ce, ta yi shekara takwas tana kallon mijinta yana ramewa, ta gaji. Alhaji ya dube ta, ya dubi kwabon, ya ce, "Maman Samson, kin yi mini shigar sauri. Ba daga bakinki na so in ji ba. Amma naki ne." Ya miƙa mata.

Ta kawo shi gida da murna ta ajiye a gaban mijinta. Mai hankali zai zaci magana ta ƙare a nan, amma sai ya tura shi gefe da bayan hannu, ya ce shi bai aiki kowa bara ba, kuma ya sha faɗa cewa abin ba wani abu ba ne. Maman Samson ta ɗauke abinta ta ce, "To shi ke nan, Baban Samson. Doka na gidan Alhaji ya biyo shi har nan. Ran da ka ce yana da kyau, naka ne. Kafin nan, nawa ne." Ta ɗinka masa 'yar jaka ta rataya a wuya tare da carbinta na coci.

Daga nan kishin ya tashi daga kasuwa ya dawo cikin gida, inda ya fi zafi. Da can sau ɗaya ko biyu a shekara yake ganin abin a hannun wani, yanzu kuwa kullum yana gabansa, a wuyan matar da ke zuba masa miya. Matan zumunta na coci kan ce ta nuna musu, su yi ta juya shi da hannun manja suna tambaya ko matar da ke zaune mijinta ne ya mutu, shi kuma yana ɗaki yana ji. Ya ce wa 'ya'yansa gumi zai lalata shi, ya ce wa Fadan cocinsu bai dace a haɗa hoton sarkin arna da carbi ba. Duk da haka an sha kama shi yana satar kallon igiyar jakar in ta sunkuya shara.

Ciwon ajali, rasuwa da jana'iza

Tun a 1994 likita ya gano yana da ciwon sukari, kuma a 1996 idanunsa suka fara dushewa. An kai shi Kano aka yi aiki, ba a dace ba, kafin ƙarshen 1997 ya daina gani gaba ɗaya. Ya ci gaba da sa a kawo masa akwatin, yana bin gurabun da yatsa yana faɗin sunan kowane sarki da ƙasar da ya ci, in ya zo tsakiya sai ya tsallake. Alhaji Sambo, wanda shi ma ƙafa ta fara ba shi wahala, bai fasa zuwa duba shi duk Juma'a da yamma ba, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar a tsakaninsu.

A farkon watan Nuwamba na 1998 jikinsa ya tsananta. Ranar Asabar da hantsi, bayan Fada ya zo ya shafa masa man addu'ar marasa lafiya ya tafi, ya ce wa matarsa ta ba shi abin wuyanta ya riƙe. Ta kwance jakar ta sa masa kwabon a tafin hannu. Ya bi shi da babban yatsa a hankali, ya sami dabinon, ya sami mashin, ya tsaya a kan matar mai tagumi, wadda ya yi shekara goma sha ɗaya yana cewa fuskarta ta shafe. 'Ya'yansa da ke ɗakin sun ji ya ce, "Maman Samson, Mai Dabino yana da kyau. Tun ina yaro yana da kyau." Ta ce, "Naka ne," ta rufe masa yatsunsa a kai. Ya mallake shi ke nan a lokacin da ba shi da idon ganin sa.

Da yammacin ranar ya daina magana. Alhaji Sambo yana Kwoi wajen sarin citta, aka aika masa, ya iso washegari ya tarar abokinsa ba ya gane kowa. Malam Silvanus Meshak ya rasu ranar Litinin, 9 ga Nuwamba, 1998, yana da shekara sittin da huɗu, kwabon yana cikin hannunsa.

An yi masa Misar jana'iza a Kafanchan ranar Asabar, 14 ga wata, aka kai shi Fadan Kagoma aka binne shi kusa da mahaifinsa, a gaban 'yan'uwa da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa. Ya bar matarsa Lucia da 'ya'ya shida: Samson, malamin makarantar sakandare a Zonkwa; Emilia, ma'aikaciyar jinya a Jos; Regina, mai ɗinki a shagon mahaifiyarta; Irene da Selina, waɗanda ke aure a Kaduna; da auta Hephzibah, wadda a lokacin take karatu a Zariya. Ya kuma bar jikoki tara. Akwatin maɗaci yana hannun Samson, babu gurbin da ya rage fanko.

Bayan an rufe kabari jama'a sun fara watsewa, Maman Samson ta je ta yi wa Alhaji Sambo godiya, ta faɗa masa kalmomin da mijinta ya yi na ƙarshe, tana zaton zai ji daɗi. Tsohon ya dogara da sandarsa, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ce, "Shekara takwas ina yawo da ƙarfen nan a aljihu, har ya huda mini riguna, don kawai in ji ya faɗa mini haka in ce masa naka ne. Ke ya faɗa wa. Wallahi, Maman Samson, ina kishin ki."

Ubangiji ya ba Malam Silvanus hutawa, ya haskaka masa abin da idonsa bai samu gani ba. Amin.